Yadda Ake Rarrabe Attention, Concentration, Focus, Commitment, Dedication da Devotion

Wata ɗalibata a ajin yamma, matar aure mai takardar NCE, ta kawo min wasiƙar neman aikin koyarwa in duba mata kafin ta kai wata makarantar kuɗi. Rubutu tsaf, kowane sakin layi a muhallinsa. Ina cikin karantawa sai na yi karo da wannan jimla: "I am a concentrated teacher and I am committed to teach your pupils." Na ajiye biro na ce, "Malama, kin san abin da kika kira kanki kuwa?" Ta ce, "Mai mayar da hankali mana, Malam. Haka na gani a ƙamus." Na gaya mata cewa a kunnen Bature, abin da ake ce wa concentrated shi ne lemon nan mai kauri da sai an sirka shi da ruwa, ko kuwa asid mai ƙarfi na ɗakin gwaje-gwaje. Ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya har da hawaye.

Ban ga laifinta sosai ba. "Mai da hankali" a bakinmu babbar riga ce, kowa ya sa ta yi masa. Uwa takan ce wa yaro ya mai da hankali kada ya zubar da manja a hanya. Malami yakan ce a mai da hankali ga allo. Uba yakan ce wa ɗansa da zai tafi jami'a ya mai da hankali ga abin da ya kai shi. Magana ɗaya ce a Hausa, amma da za a mayar da su Turanci, kowacce da kalmar da za ta ɗauka. Shi ya sa haddace fassara ɗaya ga kowace kalma ba ya fisshe mutum. Ga hanyar da nake bi da ɗalibaina, kuma na ga tana ci.

Mataki na farko: raba su gida biyu

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A hagu rubuta attention, concentration da focus. A dama rubuta commitment, dedication da devotion. Na hagu 'yan gidan hankali ne, ana auna su da mintuna ko sa'o'i. Na dama 'yan gidan zuciya da alkawari ne, da watanni da shekaru ake auna su.

Idan ka rasa gidan da za ka nufa, yi wa kanka wannan tambaya: in wayata ta yi ƙara yanzu, abin zai yanke? Ƙarar waya tana iya yanke maka concentration, tana iya sace attention ɗinka. Amma ba a taɓa jin ƙarar waya ta warware commitment ɗin mutum ga iyalinsa ba. Duk abin da hayaniya, yunwa, gyangyaɗi ko kukan yaro za su iya katsewa, nemi kalmarsa a hagu. Abin da sai mutum ya sauya ra'ayi ko ya saɓa magana kafin ya rushe, yana dama. Wannan tambaya kaɗai tana kawar da rabin kurakuran da nake gani a rubutun ɗalibai.

Mataki na biyu: gane 'yan gidan hankali ɗaya bayan ɗaya

Je ka tsaya a gaban mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ka kalle shi na minti biyar, za ka ga kalmomin nan uku da idonka. Yana zaune, sai ka ce, "Salamu alaikum, maigida, wayata ce ba ta caji." Ya ɗago kai ya dube ka. Ka sami attention ɗinsa ke nan: hankalinsa ya juyo wajenka. Ya buɗe wayar, ya bar allon da ya tsage, ya bar lasifikar da ke shaƙewa, ya ce matsalar tana ƙafar caji, a nan zai tsaya. Wannan wuri guda da ya zaɓa shi ne focus ɗinsa. Sannan ya sunkuya da ƙarfen dalma a hannu, ya riƙe numfashi, janareta na ruri, masu talla na wucewa, wani na kiransa daga shago na gaba, ko gezau bai yi ba. Wannan kuma concentration ne.

Ke nan attention tana amsa tambayar "ina hankalin ya fuskanta?" Focus tana amsa "a kan me ya tsaya, me ya bari?" Concentration kuma "da wane ƙarfi ya nutsa?"

Attention ita ce mafi sauƙin hali a cikinsu. Ana ba da ita, ana jawo ta, ana ƙwace ta, kuma sau da yawa daga waje abin yake zuwa. Jiniyar motar asibiti takan ja attention ɗinka ko ba ka so. Asalin kalmar daga Latin ne, tana nufin miƙewa zuwa ga wani abu, kamar yadda mutum yake miƙa wuya in ya ji ana rigima a layi. Tana kuma da wata ma'ana ta kulawa: wanda ya ji rauni "needs medical attention", wato yana buƙatar likita ya duba shi. A saman wasiƙar ofis za ka ga "For the attention of", wato ga wanda ake so takardar ta isa hannunsa. In kuma kwamanda ya daka tsawa a fareti sojoji suka ƙame, ita ce dai. Ba ɗaya daga cikin waɗannan wurare da concentration za ta iya shiga.

Concentration daga ciki take fitowa, kuma tana gajiyarwa. Ba mai jawo maka ita, kai ne za ka tattaro hankalinka ka tsare shi. A cikin kalmar akwai centre, wato tsakiya, don haka ma'anarta ta asali tara abu wuri guda. Daga nan ne ta sami ɗaya fuskar tata, wadda ta kayar da ɗalibata. In an ce "a high concentration of shops", ana nufin shaguna sun taru cunkus a wuri ɗaya. In an ce ruwan magani concentrated ne, ana nufin ya yi kauri. Saboda haka mutum ba ya cewa "I am concentrated." Abin da zai ce shi ne "I am concentrating", ko "I can't concentrate" in sauro da zafi sun hana shi karatu.

Focus kuwa labarinta yana burge ni. A Latin ma'anarta murhu, wurin da wutar gida take. Masanin taurari Bajamushe Johannes Kepler ne ya ɗauko ta a 1604 ya sa ta cikin lissafi, daga nan ta zama sunan ɗigon da haske yake haɗuwa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar gilashin tabarau mai kauri yana yaro, ya saita shi da rana a kan takarda har hasken ya tsuke ya zama ɗigo, hayaƙi ya fara tashi, to ya riga ya san focus. Rana ɗaya ce, ba a ƙara mata zafi ba, tsuke ta aka yi wuri guda. Shi ya sa kalmar take tafiya da zaɓi da kuma haƙura da sauran abubuwa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ɗalibin da ke karatu, yana sayar da data, yana koyon ɗinki, yana kuma neman shiga soja duk a shekara guda, Bature zai ce "he lacks focus", ko da kuwa in ya zauna karatu yana nutsuwa sosai.

A nan akwai gaskiyar da ya kamata in faɗa, don kada in sayar maka da tsari mai kyau fiye da yadda harshen yake. A matsayin aikatau, focus on da concentrate on sun kusa zama tagwaye, kuma dukansu suna iya tsallakawa zuwa dogon lokaci. "The government should focus on education" da "should concentrate on education" duk daidai ne. Bambancin yana fitowa fili ne a suna da sifa. Ana cewa "the focus of the meeting", ba a cewa "the concentration of the meeting." Ana yabon mutum da "she is very focused", ba a yabonsa da concentrated.

Mataki na uku: gane 'yan gidan alkawari

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin ƙamus yakan fassara ukun duka da sadaukarwa ko jajircewa, ya bar ka a tsaye.

Commitment, ka tuna da adashi. Ran da ka ce wa uwar adashi ta sa sunanka, ka ɗaure kanka. Watan da kasuwa ta yi kyau za ka zuba, watan da ba ta yi ba ma za ka zuba, balle in ka riga ka kwasa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ba a tambayar ko kana jin daɗi. Abin da ke cikin kalmar shi ne magana ta fita, akwai wanda zai iya riƙe ka da ita. Shi ya sa 'yan siyasa da ƙungiyoyin agaji suke yawan amfani da ita, kuma shi ya sa ita kaɗai ce a gidan take yin jam'i cikin sauƙi. "I have family commitments" na nufin akwai hidimomin iyali a wuyana: kuɗin makaranta, biki, kai tsohuwa asibiti. Ba wanda zai ce "family dedications."

Sai dai a yi hattara, aikatau ɗin commit fuska biyu gare shi. In ya zo da to a bayansa, alkawari ne. In ya faɗa kai tsaye a kan wani aiki, galibi mugun aiki ne: commit a crime, commit murder, commit a foul. Ba a cewa mutum ya yi commit ɗin alheri. Kwamitin da muke faɗa kullum ma daga wannan saiwa ya fito, mutanen da aka damƙa wa wani al'amari.

Dedication ita ce ba da lokaci da ƙarfi ga aiki fiye da abin da aka wajabta maka. Ka dubi malamin makarantar allo da ya shekara talatin yana fitowa da asuba, ko ungozomar da za a buga wa ƙofa ƙarfe biyu na dare ta ɗauki fitila ta fito. Ba takardar da suka sa wa hannu. In sun fasa ba mai kai su ƙara. Kalmar yabo ce, kuma ta fi zama daram a kan aiki, sana'a ko wata manufa. Tana da wasu ma'anoni biyu da za ka haɗu da su. Shafin da ɗaliban ajin ƙarshe suke sadaukar da kundin bincikensu ga iyayensu sunansa Dedication. Abin da aka keɓe don aiki ɗaya tak kuma ana ce masa dedicated, kamar "a dedicated line", layin wuta ko na waya da aka ware wa asibiti shi kaɗai.

Devotion ita ce wadda ƙauna ta shiga cikinta. Tushenta kalmar Latin ce ta bakance, kuma har yau ƙanshin ibada bai bar ta ba, shi ya sa makarantun mishan suke kiran addu'ar safe morning devotion. Ta fi dacewa da mutum zuwa mutum, ko bawa zuwa ga Ubangijinsa. Matar da ta shekara biyar tana jinyar mijinta da ya shanye, tana juya shi, tana ba shi abinci a baki, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, "a devoted wife" ce. In ka ce mata committed ba ka yi ƙarya ba, amma ka rage mata, kamar ka ce tana yi ne don igiyar aure ta ɗaure ta.

Gwada su a kan mutum ɗaya ka ji yadda suke sauya hoto. A committed nurse ba ta fashin aiki, ba ta gudu ran da albashi ya makara. A dedicated nurse takan wuce lokacin tashi don ta ga an gama ɗaura wa mara lafiya ruwa. A devoted nurse kuwa marasa lafiyar sun zama kamar 'ya'yanta. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: me ya riƙe mutumin nan a wurin? In magana ce da nauyi, commitment. In kishin aikin ne, dedication. In so ne, devotion.

Abu ɗaya da zai iya ruɗa ka: aikatau ɗin devote bai kai sunan zafi ba. "I devote two hours to reading every night" ba ya nufin komai illa na ware awa biyu. Ba soyayya a ciki.

Akwai maƙwabta biyu da sukan leƙo gidan nan. Diligence ita ce yin aiki a tsanake ba ha'inci, irin na mai ɗinkin hula da ba ya tsallake zare ko ɗaya. Ita ce malamai suke rubuta wa yaro mai ƙwazo a katin sakamako. Determination kuma dagewa ce a gaban cikas, irin ta wanda ya zauna JAMB sau uku bai haƙura ba.

Mataki na huɗu: koyi kowace kalma tare da 'yan rakiyarta

Kalmar Turanci kamar amarya take, ba ta tafiya ita kaɗai. Wanda ya san ma'ana bai san 'yan rakiya ba, da ya buɗe baki za a gane.

Attention biyan ta ake yi, kamar bashi: pay attention to. Kada ka ɗauko "sa hankali" daga Hausa ka ce "put attention." In kana so mutane su lura da wani abu, you draw their attention to it. In abu ya ɗauki ido, it attracts ko catches attention. Concentrate da focus kuwa on suke ɗauka, ba in ba, ba to ba. "Concentrate in your studies" kuskure ne da nake gyarawa kusan kowane mako. Concentration ana rasa ta ko a katse ta: lose concentration, break my concentration. Commitment yin ta ake yi, a cika ta: make a commitment, honour a commitment. Dedication da devotion kuma nuna su ake yi: show dedication.

Ka kuma lura da attend. "Attend a meeting" halartar taro ne. "Attend to a customer" sauraron mai saye ne da biya masa buƙata. 'Yar ƙaramar to ɗin nan ce ta raba su. Likitan da ya "attended to the patient" ya duba mara lafiya.

Yanzu ga babban ramin, wanda har masu digiri suke faɗawa. Committed, dedicated da devoted duk to suke ɗauka, amma wannan to ɗin ba irin ta "I want to go" ba ce. Daidai take da "ga" ta Hausa. Mu ma ai ba ma cewa "ya duƙufa ga ya karanta", cewa muke "ya duƙufa ga karatu." Suna ne yake biyo ta. To haka Turancin yake: in aikatau zai biyo baya, sai ya sa rigar suna, wato a liƙa masa ing. "Committed to teaching", "dedicated to helping", "devoted to caring for her mother." In ka yi shakka, cire aikatau ɗin ka sa suna kamar "my work" a wurin. In jimlar ta zauna, kamar "committed to my work", to ing ake buƙata. Za ka ga wasu jaridu suna rubuta "committed to serve", amma a jarrabawa da wasiƙar neman aiki, riƙe mai ing, ba mai kama ka da laifi.

Mataki na biyar: yi gwajin musanya

Wannan ya fi amfani ga masu shirin WAEC, NECO da JAMB, inda ake ba da kalma a ce a zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Masu tsara tambaya sun san kalmomin dangi ne, shi ya sa suke jera su tare. Kada ka kalli kalmar ita kaɗai. Karanta jimlar duka, ka cire kalmar, ka riƙa saka zaɓin ɗaya bayan ɗaya kana karantawa a zuci.

Misali: "The driver lost ___ for a second and hit the pole." Ga zaɓi: commitment, concentration, devotion, dedication. "For a second" ya riga ya tona asiri, daƙiƙa ɗaya ba ta gidan alkawari ba ce, uku sun faɗi. Wani kuma: "He could not travel because of a prior ___." Me zai hana mutum tafiya, wanda ya riga ya ɗauka tun da farko? Maganar da ya ba wani. Commitment. Na uku: "Her ___ to her late husband's memory moved everyone." A nan dedication za ta iya leƙowa, amma miji ne, rasuwa ce, zukata sun motsa. Devotion ta fi zama.

Ka ga ba ma'anar kalmar ce kawai take ba da amsa ba. Lokacin da ke cikin jimlar, 'yar rakiyar da ke bayan gurbin, da wanda ake yi dominsa, su ne shaidunka uku.

Mataki na shida: tara jimloli, ba fassara ba

Sayi ƙaramin littafi, ka ware wa kowace kalma shafi biyu. Duk inda ka ji ta ko ka gan ta, rubuta jimlar ɗungurungum, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta gabace ta da wadda ta biyo ta. Kada ka rubuta fassarar Hausa sai ka tara jimla biyar, a lokacin za ka ga da kanka cewa fassara ɗaya ba ta isa ba. Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, ya fi amfani a nan fiye da mai fassara kalma da kalma, saboda yana kawo misalai.

Gidan kallon ƙwallo ma makaranta ne ga mai kunne. In mai tsaron baya ya yi sakaci aka zura ƙwallo, mai sharhi zai ce "a lapse in concentration." In ya kwashe ƙafar wani, "he committed a foul." In ɗan wasa ya sabunta kwantiraginsa, "he has committed his future to the club." Magoya bayan da ƙungiyarsu ta shekara goma ba kofi amma ba su sauya riga ba, "devoted fans" ne. Wasa ɗaya zai iya cika maka rabin shafi, in dai ihun 'yan kallo ya bar ka ka ji.

Kafin ka rufe littafin, gyara rubutun kalmomin, don nan ma ana zubar da maki. Commit tana ninka t a committed da committing, amma commitment t ɗaya ce a tsakiya. Committee kuwa komai biyu-biyu: m biyu, t biyu, e biyu. Focused da s ɗaya ya fi yawa, ko da yake za ka ga mai s biyu a wasu rubuce-rubucen Ingila.

Ita kuwa Malama, mun zauna mun sake jimlar tata. Na tambaye ta me take so shugaban makarantar ya fahimta. Ta ce, "Cewa ina ba aikina lokaci, kuma in sun ɗauke ni ba zan gudu a tsakiyar zango ba." Na ce to magana biyu ce, kowacce da kalmarta, ta nemo su da kanta. Ta yi shiru tana kallon layin da muka ja a tsakiyar takarda, ta tsallake hagu gaba ɗaya, sannan ta rubuta: "I am a dedicated teacher and I am committed to teaching your pupils." Ta ɗago ta ce, "Malam, committed ɗin t biyu ko?" Na ce biyu. Ta ƙara ɗayar, ta ninke takardar ta sa a jaka.